Sarakuwar Sauro da Kududdufin Bayan Gari

A cikin sunayen da Bahaushe ya raɗa wa tsirrai, da wuya a sami wanda ya kai "sarakuwar sauro" hikima. Wata 'yar ciyawa ce mai ƙarfin ƙamshi da ke fitowa da damina a gefen gonaki da kangaye, ƙananan furanninta farare suna zagaye kara kamar an yi masa ɗamara. Wanda ya raɗa mata sunan ya lura cewa sauro ba ya son zama inda take, sai ya kwatanta abin da kunyar da ke tsakanin mutum da uwar matarsa: in ta shigo ta wannan ƙofa, ya fice ta waccan. Sunan bai ce tana kashe sauro ba. Iyakar abin da ya ce shi ne sauro yana kauce mata, kuma duk wanda ya san al'ada ya san suruki yakan dawo da zarar sarakuwa ta yi sallama.

Wanda ya tashi a Matazu, ko Musawa, ko wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ya san wannan ilimi tun kafin ya riƙe allo. Da an idar da magariba a watan Agusta, za a zuba garwashi a kasko, a ɗora ɗanyen ganyen bedi, wato darbejiya, ko busasshen ɓawon lemo, wani gida kuma a jefa ƙaron maje, a rufe ɗaki har hayaƙi ya turnuƙe shi. Daga nan a buɗe, yara su shiga suna tari. Barcin farko yakan yi daɗi. Can tsakar dare kuwa, garwashi ya mutu, sai a ji kukan nan a bakin kunne.

Yaron da ya girma a irin wannan gida, ya yi boko, ya zama likita ko akanta ko malamin jami'a a Katsina ko Abuja, yakan kasance ɗaya daga cikin mutum biyu game da wannan hayaƙi. Wani yakan ɗauke shi aikin duhun kai, abin da za a tuna a yi dariya a wurin hira. Wani kuwa, musamman tun da kayan kanti suka yi tsada, ya koma yana kambama shi, yana tura saƙonni a WhatsApp cewa kakanni sun riga Bature sanin komai, darbejiya ita kaɗai ta isa ta kori zazzaɓi daga ƙasa. Babu wanda ya tsaya a cikinsu ya yi tambayar da manomi yakan yi wa kowane maganin feshi kafin ya saya: me yake kashewa, a wane mataki, na tsawon wane lokaci, kuma nawa ake zubawa? In an bi waɗannan tambayoyi, abin da ke fitowa shi ne tsirran nan suna da ƙarfi na gaske, sai dai an fi amfani da su a inda ƙarfinsu ya fi rauni, wato cikin ɗaki da dare, an bar inda suka fi tasiri, wato cikin ruwan da sauro ke hayayyafa.

Maganar tana da nauyi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a shekarar 2023, mutum kimanin 597,000 suka rasu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Nijeriya suke, haka ma kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yara, Arewa maso Yamma ce kan gaba, inda jihar Kebbi ta kai kashi 49. A shiyyar Funtuwa cutar tana da lokacinta, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, daidai sa'ar da rumbu ya yi ƙasa kuma gona ke neman kowane hannu. Uwar da ta kwana uku a asibiti da yaro ta bar noman wake, uban kuma ya sayar da tunkiyar da ya ajiye don sayen taki. Ga kuma rashin tsaro da ya addabi Matazu da Ƙanƙara da Faskari, wanda ya sa iyalai da yawa kwana a makarantu da zaurukan dangi, inda ba kowa ke da wurin ɗaura gidan sauro ba.

Abin da ƙasar nan ta riga ta gani

Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da duniya ta koyi darasi mafi tsada a kan sauro. A tsakiyar shekarun 1950, ana cikin feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato, aka tarar da sauron Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, ya daina mutuwa da maganin dayaldirin. Wannan na cikin shaidu na farko da aka samu cewa babban sauron zazzaɓi na Afirka, wanda masana ke kira anofilis, yana iya sabawa da guba har ya gadar wa 'ya'yansa juriyar. Daga 1966 zuwa 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gwaji a gundumar Kankiya, wadda ke kusa da Matazu: aka fesa DDT a ɗakuna, aka riƙa raba wa jama'a ƙwayoyin zazzaɓi duk bayan wata biyu. Cutar ta ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta tsaya ba. Sai babban gwajin Garki, a tsohuwar jihar Kano, daga 1969 zuwa 1976, wanda har yau ake karanta littafinsa a makarantun kiwon lafiya na duniya. An yi feshi cikin tsari da kuɗi da ƙwararru, duk da haka zazzaɓi ya dawo bayan an daina, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita. A shekarun 1970 ɗin kuma masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka zauna a Malumfashi suna bin diddigin zazzaɓi da tsargiya da saran kububuwa a ƙauyukan yankin.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi mai kambama darbejiya kamar yadda ya shafi mai raina ta. In DDT da ƙwayoyi da ma'aikatan duniya ba su tsayar da cutar a Kankiya ba, kaskon garwashi ba zai tsayar da ita a Matazu ba. Haka kuma, in sauro yana da hanyar kauce wa duk abin da aka tanada masa a cikin ɗaki, to akwai buƙatar wani makami da zai same shi a waje.

Gidan sauro ma jikan fure ne

Mutane da yawa ba su san cewa maganin da ke jikin gidan sauron da gwamnati ke rabawa daga tsiro ya samo asali ba. Akwai wani farin fure mai suna fairetiram, ɗan asalin gaɓar tekun Dalmatiya a Turai, wanda aka daɗe ana niƙa busasshensa don kashe ƙwari. Da shi wani ɗan kasuwar Japan, Eiichiro Ueyama, ya fara yin maganin sauro na kunnawa a ƙarshen ƙarni na 19, wanda daga baya aka naɗe shi ya zama mai zagayen nan da kowa ya sani. Kenya ta shafe shekaru tana kan gaba a duniya wajen noma furen. Aibinsa ɗaya ne: hasken rana yana lalata gubarsa cikin sauri. A shekarun 1970 Michael Elliott da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila suka ƙera sinadarai masu kama da gubar furen amma masu jure rana. Su ne ake shafa wa gidajen sauro. Wani nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓi sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro mai magani ne ya kawo ta.

Waɗannan sinadarai su ne kuma manomi ke fesa wa auduga da wake. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce tun zamanin Turawa, da gidajen gurzarta da gonar gwajin iri ta Daudawa, kuma ko da auduga ta ja baya, feshi bai ja baya ba, ya koma kan wake da masara da shinkafa da tumatir. Ruwan sama yana wanke ragowar maganin zuwa cikin kwatami da fadama, inda tsutsar sauro ke girma a cikin guba marar ƙarfin da zai kashe ta duka. Masu rauni su mutu, masu juriya su haihu. Wani bincike da aka buga a 2002 ya nuna haka a Burkina Faso, inda sauron yankunan auduga ya fi na sauran karkara jure wa maganin. Masu bincike na Jami'ar Bayero sun sami irin wannan juriya mai tsanani a sauron Kano da Jigawa. Shi ya sa ake ta sauya gidajen sauro zuwa masu haɗin magani biyu, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su a 2023. Gidan sauro yana nan da amfaninsa, ko ba komai shinge ne tsakanin fata da bakin sauro. Amma dogaro da dangin guba guda a gona da ɗaki shi ne ya sa neman wani makami ya zama dole.

Iyakar hayaƙi

An auna hayaƙin kakanni, kuma bai ba da kunya ba. A 1999 wasu masana biyu daga Suwidin, Pålsson da Jaenson, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Gini Bisau, inda ƙona ɓawon maje ko ganyen darbejiya ya rage sauron da ke sauka a kan mutum da kusan kashi uku cikin huɗu yayin da hayaƙin ke tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zaman hira a tsakar gida bayan lisha, ko ɗalibin da ke karatun dare, ko mai gadi. Matsalar ita ce lokaci. Sauron zazzaɓi ya fi cizo daga tsakar dare zuwa asuba, sa'ar da kasko ya riga ya huce. Wanda ke damun mutane da magariba sau da yawa wani jinsi ne dabam, mai haihuwa a kwata da ruwan ƙazanta. Sai mutum ya kori mai ƙara da wuri, ya kwanta da kwanciyar hankali, mai kisa ya zo a makare.

Haka abin yake ga mayukan shafawa na tsirrai. Ƙamshin da ke korar sauro shi ne kuma ke saurin bin iska. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2002, man shafawa mai sinadarin DEET ya kare fata na kusan sa'a biyar, waɗanda aka yi da man ciyawar sitronela kuwa ba su wuce minti 20 ba. Wanda ya yi fice a cikin na tsirrai shi ne wanda ake tacewa daga wani nau'in bishiyar turare mai ƙamshin lemo, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa shi cikin waɗanda ta amince da su tun 2005, amma shi ma sai da ya bi ta masana'anta. Sannan hayaƙi yana da nasa haraji a kan huhu. Wani nazari na 2003 ya gano cewa maganin sauro na kunnawa guda ɗaya yana fitar da ƙurar hayaƙi daidai da ta taba sigari 75 zuwa 137. Ɗanyen ganye a kan garwashi a rufaffen ɗaki da jariri a ciki ba shi da dalilin zama mafi sauƙi.

Abin da ke cikin ƙwallon darbejiya

Darbejiya baƙuwa ce da ta zama 'yar gari. Daga ƙasar Indiya ta fito, aka fara dasa ta a lardin Barno a 1928, daga nan ta bazu har ta zama inuwar kowace kasuwa da makaranta da ƙofar fada. Sunayenta ma sun nuna yawonta: dogonyaro, darbejiya, bedi, maina. A 1959 wani masanin ƙwari ɗan Jamus, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan sai fari suka sauka suka cinye duk wani kore, ya lura darbejiya kaɗai suka bari. A 1968 masana biyu a Jami'ar Keele ta Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin da ke da alhakin haka, aka sa masa suna azadiraktin. Ƙirarsa tana da sarƙaƙiya har sai da Steven Ley da ɗalibansa a Kambirij suka shafe shekara 22 kafin su iya haɗa shi a ɗakin gwaji a 2007. Darajarsa ta kai ga shari'a: a shekarar 2000 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya soke wata rajista da kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka suka yi a kan maganin gona na man darbejiya, bayan an kawo shaidar cewa manoman Indiya sun daɗe da sanin abin.

Wannan sinadari ya fi yawa a cikin ƙwayar iri, ganye kaɗan yake da shi. Kuma ba ya aiki kamar gubar feshi da ke kayar da ƙwaro nan take. Sauro yana yin ƙwai a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta yi saɓa sau huɗu tana girma, kafin ta zama sauro mai fiffike. A zafin damina duk wannan bai fi kwana goma ba. Azadiraktin yana rikita sinadarin jikin da ke ba tsutsa umarnin saɓa, sai ta maƙale a tsohuwar fatarta ta mutu, ko ta fito a naƙashe. Yana kuma rage mata ci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: tsutsa ba ta tashi sama, ba ta zaɓar inda za ta huta, tana nan cikin ruwan da uwarta ta ajiye ta. Kuma da yake hanyar kisan dabam take da ta maganin gidan sauro, juriyar da sauro ya samu daga feshin gona ba lalle ta cece shi a nan ba.

An gwada wannan a ƙauye, da kayan ƙauye. A daminar 2007, a Banizumbu da ke gabas da Yamai a Jamhuriyar Nijar, masu bincike daga jami'ar MIT ta Amurka da cibiyar binciken lafiya ta CERMES suka yi aiki da mutanen gari. Aka tsinci 'ya'yan darbejiya daga bishiyoyin garin, aka shanya, aka daka, aka riƙa barbaɗa garin a kan tafkunan da aka san sauro na haihuwa a ciki, sau biyu a mako. Sakamakon da Rebecca Gianotti da abokan aikinta suka buga a 2008 ya nuna macen sauron zazzaɓi da aka kama ta ragu da kashi 49 cikin 100 idan aka kwatanta da 2005 da 2006, alhali a ƙauyen Zindaru, inda ba a zuba komai ba, ba a ga canji ba. Ba a shigo da ko kwalba ɗaya daga waje ba. Turmi da taɓarya da hannun mutane suka yi aikin.

Wajibi ne a karanta wannan sakamako da idon basira. Gari ɗaya ne, damina ɗaya, kuma sauro aka ƙirga, ba masu zazzaɓi ba. Garki ta riga ta koyar da cewa inda cizo ya yi yawa ƙwarai, rage shi da rabi ba ya rage cutar da rabi. Rana tana lalata azadiraktin cikin 'yan kwanaki, dalilin zuba shi sau biyu a mako ke nan, kuma mako biyu na sakaci sun isa sabon ayarin sauro ya tashi. Ƙarfin iri yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, yana raguwa in an ajiye shi a danshi ko an shanya shi a rana mai zafi. Duk da haka, rabi ba wasa ba ne, musamman in an ɗora shi a kan gidan sauro da ƙwayoyin rigakafin damina da ake ba yara, waɗanda aka fara gwada rabonsu a Nijeriya a jihar Katsina a 2013.

Daga Banizumbu zuwa Matazu

Kudancin Katsina ya fi yammacin Nijar ruwan sama, saboda haka ba za a ɗauko abin a dasa yadda yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yaƙar tsutsar sauro ne a inda wuraren haihuwarsa ba su da yawa, ba sa canza wuri, kuma ana iya gano su. A tsakiyar Agusta, kowane sawun kofaton sa da kowace kunyar shinkafa a fadama gidan haihuwa ne, babu mai iya bin su duka. Amma cikin gari labarin dabam ne. Tsofaffin garuruwan Hausa da ƙasar wurin aka gina su, kuma kowace unguwa tana da kududdufin da aka haƙa don ginin. A kansu an ƙara ramukan masu bulo, da ramukan da masu aikin titi suka bari, da ruwan da ke kwanciya a gindin famfon burtsatse. Waɗannan mai unguwa zai iya lissafa su da ka. Sauron zazzaɓi yana son ruwa marar zurfi mai samun rana, wato gefen kududdufi da ƙananan ramuka, kuma yawanci ba ya nisa da inda aka haife shi in akwai mutane kusa. Ramin da za a iya cikewa, cikewar ta fi. Wanda ba za a iya ba, shi ne wurin garin darbejiya, musamman a farkon damina da ƙarshenta, lokacin da ruwan ya taƙaita a wurare sanannu.

Akwai maganin tsutsa na zamani da aka yi daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, wanda aka gano a 1976, an kuma tabbatar da ingancinsa fiye da na darbejiya. Amma da dala ake sayensa, a lokacin da tallafin lafiya daga waje ke raguwa, musamman tun 2025. Abin da darbejiya ke nema shi ne tsari: wa zai tsinta, wa zai daka, wa zai zuba ranar Litinin da Alhamis, wa zai duba ko an zuba. Ƙasar da ta san aikin gayya kuma ta taɓa sanin duba-gari ba baƙuwar irin wannan tsari ba ce. Ba darbejiya kaɗai ba ce ma. Tun 1933 wani likita a Sudan, Archibald, ya nuna 'ya'yan aduwa suna kashe dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma gwaje-gwajen baya sun nuna suna kashe tsutsar sauro. Ga yankin da tsargiya da zazzaɓi ke fitowa daga ruwa ɗaya, wannan abin a bincika ne.

Ba duk na daji ne mai lafiya ba

Kalmar "na gargajiya" takan sa mutane sakin jiki, alhali Bahaushe da kansa ya san magimfa, tsiron da masunta ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya taso. Garin darbejiya in ya yi yawa yana cutar da kifi, kuma kududdufi wurin shan dabbobi ne da wankin mata da wasan yara. Saboda haka ba a zuba shi a rijiya ko randa ko ruwan sha, kuma awo ya zama tilas. Man darbejiya kuwa guba ne ga jarirai in an ɗura musu: likitoci a Malesiya sun ba da rahoto tun 1981 a kan yaran da suka shiga farfaɗiya da suma bayan an ba su shi. A ɗaya ɓangaren kuma ga fiya-fiya, gubar gona da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana yayyafawa a ɗakin kwana, wadda hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinta barkatai a kasuwanni tun 2019, amma har yau ana samunta. Iyali da yawa tsakanin waɗannan biyun suke zaɓi, don su ne aljihu ke iya ɗauka.

Haɗari mafi girma shi ne jinkiri. Yaro ya yi zazzaɓi, a dafa ganyen darbejiya a yi masa sirace, a ba shi ya sha, zafin jiki ya ɗan sauka, a jira kwana biyu. A ƙaramin yaro kwana biyun nan su ne tsakanin ƙwayoyin da za a haɗiya a gida da ƙarin jini a asibiti. Maganin zazzaɓi na asibiti ma daga tsiro ya fito: kwinin daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka aka ware shi a 1820, shi kuwa atemisinin, ginshiƙin maganin yau, Tu Youyou ta ƙasar Sin ce ta fitar da shi daga wani ɗan'uwan tazargade a farkon shekarun 1970, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Abin da ya raba su da tukunyar ganye shi ne an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, an kuma gwada shi a kan dubban marasa lafiya. Yaron da ya yi zazzaɓi, gwajin jini da magani a cikin kwana ɗaya shi ne haƙƙinsa.

A nan ne ɗan bokon da ya fito daga waɗannan garuruwa yake da aikin da ya fi dariya da kambamawa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tana kusa da Matazu, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga cibiyar binciken noma ta Samaru, ga cibiyar binciken sinadarai ta Basawa a Zariya wadda ta daɗe tana aiki a kan darbejiya. Ɗakunan karatu na jami'o'in Arewa cike suke da kundayen digiri da suka nuna ruwan ganye kaza ya kashe tsutsa a cikin kofin gilashi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mataki na gaba: a zaɓi garuruwa da yawa masu kama da juna, a zana taswirar ramukansu, a zuba a wasu a bar wasu, a ƙirga sauro, a kuma ƙirga yaran da gwaji ya nuna suna da cutar a asibitocin yankin, damina biyu ko uku a jere.  Yana buƙatar hakimi da zai kira masu unguwanni, da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma da zai ba da ma'aikata, da malamin jami'a da zai yarda a buga sakamakon ko da ya nuna abin bai yi aiki ba.

In ya yi aiki, mata masu tsinta da daka za su sami sana'a, gari ya sami makamin da ba ya jiran jirgin ruwa. In bai yi ba, an san gaskiya, an rufe bakin masu tallar ruwan ganye. Kafin nan, 'ya'yan darbejiya suna ci gaba da zuba a harabar makarantun firamare daga Matazu har Funtuwa, ɗalibai suna share su kowace safiya suna tarawa a bola, a cinna musu wuta.